Yaya, kafin a loda motar a jirgin ruwa, a duba wayar gidan

Assalamu alaikum, Yaya. Ina gaida Hajiya da yara, da fatan kowa yana lafiya. Na ji saƙonka na cewa in nemo maka mota mai lantarki daga nan Hustan, a jihar Tekzas ta Amurka, haɗe da caja irin tawa, wadda ka ce ka ji tana cika mota kafin asuba. Motar ba wuya a samu. Cajar ce nake so mu yi magana a kanta, domin abin da ke bayan bango ya fi abin da ke rataye a jikinsa muhimmanci.

A Amurka soket na ɗaki bolt 120 ne, rabin namu na gida. Idan ka jona mota a irin wannan soket, amfiya 12 take ja (amfiya ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya ne), wato yunit ɗaya da rabi bai cika ba a awa guda, irin yunit ɗin da kake saye a mitar kati. Motata Hyundai Ioniq 5 ce, batirinta yana ɗaukar yunit 77. Ka yi lissafi: sai ta kwana biyu a jone ba ta cika ba. Ni kuwa ɗaukar fasinja nake yi, in dawo tsakar dare batir ya kusa ƙarewa, in fita bayan sallar asuba. Dole na nemi layin bolt 240, wanda a nan ake ja wa manyan kaya kawai, irin injin busar da tufafi da murhun lantarki.

Hanya biyu ce. Ko a sa maka babban soket mai baki huɗu da suke kira NEMA 14-50 ka riƙa jona caja, ko a haɗa cajar da waya kai tsaye ba filogi. Dokar wayarin ta ƙasar ta ce duk abin da zai ja wuta awa uku ko fiye ba hutawa, kada ya wuce kashi 80 cikin ɗari na ƙarfin birekarsa, wato makunnin nan da ke faɗuwa ya yanke wuta idan ta yi yawa. Saboda haka soket mai bireka 50 amfiya 40 kawai zai ba ka. Mai son 48, sai bireka 60 da haɗi kai tsaye. Shi na yi. Amfiya 48 sau bolt 240 ya ba da kilowat 11.5, wato yunit 11.5 a awa guda, kamar ka kunna na'urar sanyaya ɗaki mai doki ɗaya da rabi guda goma a lokaci ɗaya, ka bar su har gari ya waye. Da wannan motar takan cika cikin awa bakwai zuwa takwas.

Cajar kanta ba ta da tsada yadda kake zato. Ta Tesla da ta ChargePoint da ire-irensu suna tsakanin dala 400 zuwa 700. Kuɗin aiki ne ke cizo, kuma ya danganta da nisan gareji daga akwatin birekoki. Idan akwatin tsoho ne mai amfiya 100, kamar yadda yake a tsofaffin gidaje da yawa, ana iya cewa sai an canza shi zuwa 200, nan kuma magana ta koma dubbai.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda mai wayarin ya yi aikinsa. Bai taɓa sukudireba ba sai da ya zagaye gidan da takarda, yana rubuta abin da na'urar sanyi ke ci, da murhu, da injin busar da kaya, ya haɗa jimla ya ga ko akwatin zai ɗauki ƙarin. Ya karɓo takardar izini daga hukumar birni. Ya ja wayar jan ƙarfe lamba 6, faɗin yankanta ya ɗan wuce murabba'in milimita 13 a lissafinmu na gida, ya sa ta cikin bututu, domin ya ce lamba 6 mai rigar roba da ake binnewa a bango amfiya 55 aka yarda mata, ba ta isa bireka 60 ba. Da ya zo ɗaure bakin wayar, sai ya fito da wani sukudireba mai awo, wanda ke yin ƙas idan ɗaurin ya kai adadin da kamfani ya rubuta. Bayan ya gama, jami'in birni ya zo ya buɗe akwatin ya duba da idonsa kafin ya sa hannu. Mu a gida muna da masu hannu, Allah ya sani, wasu ma sun fi na nan basira. Abin da ba mu da shi shi ne mutum na biyu da zai zo ya duba, wanda ba ya cin komai a cikin kuɗin aikin.

Kada kuma ka ɗauka kowa a nan yana bin ƙa'ida. Wani ɗan'uwanmu da muke masallaci ɗaya ya sa an ɗaura masa soket mai arha, irin wanda aka yi don murhu. Murhu yana ja ya huta, mota kuwa ba ta hutawa. Bayan 'yan watanni ya fara jin ƙauri a gareji. Na je na gani: fuskar soket ɗin ta yi baƙi a gefe ɗaya, robar ta narke ta kama ƙafar filogin, sai da aka ɓamɓare. Bireka ba ta faɗi ba ko sau ɗaya, don wutar ba ta wuce kima ba. Ɗauri ne ya yi sako-sako, zafi ya riƙa taruwa a wuri guda kowane dare. Ɗakin 'ya'yansa yana saman garejin. Arha ba ta ado, Yaya. Har yanzu idan na tuna gabana faɗuwa yake.

Kuɗin wuta a Tekzas yana kusan santi 15 kowane yunit, ka ga cika motata bai wuce dala 12 ba, alhali a cajar gaggawa ta bakin hanya sai ka biya ninki biyu ko uku. Akwai kamfanonin da ke ba da wutar dare kyauta su ƙara kuɗin ta rana, kuma motar tana da agogon da za ka ce mata ta jira sai dare ta fara sha. Wutar nan ma tana ɗaukewa. A Yulin 2024 guguwar Beryl ta bar gidaje da shaguna sama da miliyan biyu a yankin Hustan cikin duhu, wasu har mako guda.

To yanzu mu zo gidanka. Akwai inda kuka fi mu: bolt 230 ne a kowane soket na Kano, abin da mu sai mun biya aka ja mana. Amma amfiya 48 a layi ɗaya, a wayar da ta sauko daga turke zuwa mitarka, a taransifomar da unguwa duka ke rabawa, ban yarda a gwada ba. Ko wayarka ta jure, maƙwabta za su ga ƙwansu ya dushe. Kuma ba ka buƙata. Daga gida zuwa kasuwa, a kai yara makaranta, a dawo, ka ce bai wuce kilomita 40 ba. Wannan yunit 8 ne ko ƙasa. A amfiya 16, kilowat 3.7 ke nan, awa biyu da 'yan mintuna sun mayar maka da abin da ka ƙona. Ko da farashin wuta na rukunin A (Band A), wanda aka kai naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024 kafin a ɗan rage, naira 1,800 ke nan. Ka kwatanta da lita huɗu na fetur. Ga kuma rana da Allah ya hore mana. Tun 2021 aka buɗe tashar cajin mota mai aiki da sola a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, kuma ƙaramar caja ce inbata ta gida za ta iya ɗauka, babba sai ta kashe ta nan take.

Ka sani kuma motar ce ke yanke iyakar abin da za ta sha. Yawancin motocin Nissan Leaf kilowat 6.6 suke karɓa ko da ka jona su a cajar da ta ninka haka. Bakin caja ma ya bambanta: na Amurka daban, na Turai daban, na motocin da ake sayarwa a cikin Chaina daban. Kada wani ya sayar maka da caja kafin a san motar.

Ga abin da nake roƙo. Ka kira mai wayarin da ka amince da shi, ya ja layi na musamman daga akwati zuwa inda motar za ta kwana, da wayar jan ƙarfe ta gaske mai milimita 6, da birekarta ita kaɗai, da na'urar da ke yanke wuta idan ta zurara. Ya kafa sandar atin, wato ƙarfen da ake binnewa a ƙasa don ya kwashe wutar da ta zurara, ya kafa ta sosai ya auna ta, domin yawancin cajojin nan ba sa tashi idan ba su ga atin mai kyau ba. Kada a jona mota a soket na ɗaki mai amfiya 13 ta hanyar doguwar waya, ko na dare ɗaya. Ni zan nemi caja wadda ake iya rage mata ƙarfi zuwa 16 ko ƙasa. Ka turo min hoton mitarka, da cikin akwatin birekoki, da wayar da ta shigo daga turke, sannan ka sa a auna min ƙarfin wutar da misalin ƙarfe tara na dare, lokacin da kowa ya kunna kayansa. Idan na ga waɗannan sai mu zaɓi motar. A gaida Inna.