Na biya an kimanta min zanen bakin teku guda biyu, ga yadda ta kaya

Wallahi ni da farko na ɗauka na tsinci dami a kala. Bara da rani muka je St Ives ni da madam, garin masunta ne a Cornwall can kudu maso yammacin Ingila inda masu zane suka yi yawa, sai na ga wasu ƙananan zane biyu na fentin mai a shagon gwanjo, ɗaya kwale-kwale ne kwance kan rairayi ruwa ya janye, ɗayan yara a bakin teku. Irin zanen nan da in ka matso sai ka ga kamar an yaɓa fenti ne kawai, sai ka ja baya sannan abin ya fito. Fam 60 na biya duka. Madam ta ce asarar kuɗi.

To don in kare kaina sai na nemi masu kimanta zane ta intanet, fam 20 kowanne. Sun ce in turo hoton gaba, da na sa hannun mai zanen, da awo a santimita, da hoton BAYA. Ni dariya ma na yi, me za a gani a baya? Ashe nan maganar take. Na kwale-kwalen a kan katako aka yi shi, kuma akwai 'yar takardar shagon da ya fara sayar da shi manne a baya, matar da ta duba ta ce wannan takardar ta fi sa hannun amfani a wurinta don sa hannu kowa na iya kwaikwaya.

Na yaran kuwa hmm. Ta ce in haska tocila daga gefe in sake ɗauka, ina turawa ta ce bugun inji ne aka shafa masa wani abu mai kauri don ya yi kama da aikin burushi, tudun fentin bai bi zanen ba sam. Na duba da kaina, haka ne kuwa.

Abin da ya fi burge ni farashi biyu ta ba ni a kan na kwale-kwalen. Na inshora fam 350, wato abin da zan kashe in na je sayen irinsa sabo, na gwanjo kuma 80 zuwa 120 kafin a cire la'ada, tunda mai zanen yana raye yana ta yin wasu kuma ba a taɓa ganin aikinsa a babban gwanjo ba. Na ce ko ƙanƙantarsa ce matsalar, ta ce a'a, Eugène Boudin, wani shahararren mai zane ɗan Faransa na da, ma ƙanana ya riƙa yi a kan katako a bakin tekun Trouville na Faransa, yau kuɗinsu sai wane da wane. Har ta ce in je gidan adana zane-zane na National Gallery a Landan in ga wanda Monet, shi ma shahararren mai zane ɗan Faransa, ya yi a Trouville ɗin a 1870, rairayi na nan maƙale cikin fentin. Na je, shiga kyauta ne.

Inda ban ji daɗi ba, kwana biyu suka ce amma sai da na yi biyar, rahoton ma rabin shafi, kuma a ƙasa sun rubuta wai ra'ayi ne daga hoto ba tabbaci ba. Fam 40 fa kan kayan fam 60!

Na kwale-kwalen yana falo yanzu. Na yaran madam ta rataye a kicin, wai dama shi ya fi mata kyau.