Na yi kuka, 'yata ta kasa barci: sharhi kan littafin Love You Forever

Love You Forever littafin hotuna ne ɗan siriri mai shafi 32, wanda Robert Munsch ya rubuta, Sheila McGraw ta yi masa zane, ya fito a Kanada a 1986. Matan da muke zumunci da su a nan Jidda ne suka cika mini kunne da shi, kowace sai ta ce ba ta taɓa kai ƙarshensa idonta a bushe ba. Sai na yi odarsa ta intanet don 'yata mai shekara huɗu. Mun daɗe muna karanta shi a gidan nan, kuma ga abin da na gani: littafi ne mai kyau, amma na iyaye ne aka sa masa rigar yara.

Labarin ba shi da tsawo. Wata uwa ce take rungume da jaririnta tana jijjiga shi, tana yi masa 'yar waƙa mai layi huɗu, cewa ƙaunarta gare shi ba ta da ranar ƙarewa. Yaro ya kai shekara biyu ya addabi gida, ya kai tara ba ya son wanka, ya zama saurayi da baƙin abokai da baƙin kiɗa. Duk da haka, idan dare ya yi ya yi barci, sai ta lallaɓa cikin ɗakinsa da rarrafe, ta ɗauke shi ta yi masa waƙar. Har ya girma ya koma nasa gidan ba ta daina ba. A ƙarshe ta tsufa, ciwo ya kwantar da ita, ta fara waƙar ta kasa ƙarasawa, sai shi ya ɗauke ta ya yi mata. Da ya koma gida ya ɗauki jaririyarsa ya ci gaba daga inda aka tsaya.

Rabin farko ba ni da ta cewa a kansa. 'Yata ta fi son wurin da ɗan shekara biyun ya jefa agogon uwarsa a masai ya kora ruwa. Har ƙasa take kwanciya don dariya, tana nuna takardar banɗaki da ya warware a hoton bango. Turancin mai sauƙi ne, ina karantawa ina juya mata shi da Hausa a baki ba tare da na tsaya neman kalma ba. Maimaicin ma ya yi daidai da kunnen yaro, tun ba a je ko'ina ba ta fara riga ni faɗa. Ba a rubuta karin waƙar a ciki ba, kowa da muryar da zai sa mata, ni dai na ɗora ta a kan karin da Innata take yi wa ƙannena idan ta goya su, kuma ya zauna.

Matsala ta fara ne daga shafin tsani. Ɗan ya zama magidanci a wata unguwa, sai ga uwa ta ɗaura tsani a kan mota cikin dare, ta tuƙa har gidansa, ta haura ta taga, ta ɗauki ƙato a cinya. Surukata Hajiya ta zo Umara daga Kano tana wajenmu a lokacin, tana zaune a kan darduma da carbinta tana jin mu. Ta miƙo hannu na ba ta littafin, ta gyara tabarau ta daɗe tana kallon hoton.

"Yanzu wannan uwarsa ce?"

Na ce, "Ita ce, Hajiya."

"To ƙofar gidan fa, ɓata ta yi? Ai Allah cewa ya yi a shiga gidaje ta ƙofofinsu." Ta juya wajen jikarta ta ce, "Ke kishiya, kada ki koyi wannan, ɓarayi ne suke shiga ta taga."

Mun yi dariya, amma maganarta tana kan hanya. Ayar da ta kawo tana cikin Baƙara, ta 189, kuma a Suratun Nur, aya ta 58 da 59, har yara an koya musu neman izini kafin su shiga ɗakin manya. Kullum ina fama da 'yata ta yi sallama, ta ƙwanƙwasa. Babba ya san marubucin zuguguwa yake yi da gangan, don ya nuna ɗa ba ya girma a idon uwa. Ɗan shekara huɗu bai san da wannan ba, abin da ido ya gani shi ne gaskiya a wurinsa. Mu da muke hawa na uku, a daren nan sai da 'yata ta sa na duba mata ko an rufe taga.

Shafukan ƙarshe ne suka fi yi mana nauyi. Littafin bai ce uwar ta rasu ba, sai dai hoton tsohuwa mai furfura, ta ƙanƙance a hannun ɗanta, ya wadatar. Muryata ta karye ina karantawa, ita kuma yarinya ba labarin take kallo ba, fuskata take kallo. Ta tambaye ni, "Umma, ke ma za ki zama haka?" Na ce kowa zai tsufa idan Allah ya ba shi tsawon rai. Ta ce, "To wa zai ba ni abinci?" Wannan ita ce damuwarta, ba ƙauna ta har abada ba. Masana tarbiyya sun daɗe da lura cewa sai wajen shekara biyar zuwa bakwai yawancin yara suke fara gane mutuwa aba ce da take kan kowa, kuma ba a dawowa. Kafin nan, abin da suke ɗauka daga irin wannan labari shi ne uwa tana iya ɓacewa.

Kuma mu a nan wannan ba tatsuniya ba ce. Yaran da suka tashi cikin Hausawan Jidda da Makka suna jin zancen iƙama da biza a bakin manya tun ba su san ma'anarsu ba. Suna jin an ce an kama wance an mayar da ita gida, ko maman wane ta tafi Najeriya takarda ta hana ta dawowa. Yaron da irin wannan magana take yawo a kunnensa ba ya buƙatar a ƙara masa da wani tsoron rabuwa daf da zai rufe ido.

Da na san asalin littafin sai na daina mamaki. Munsch da matarsa sun yi haihuwa biyu ba rai, a 1979 da 1980, kuma waƙar ta waɗannan jariran ce; ya daɗe yana yin ta a zuci don ba ya iya furta ta. Shi da kansa ya ba da labarin cewa kamfanin da ya saba buga masa littattafai bai ga na yara ne ba, sai wani kamfanin ya buga, kuma daga baya aka ga yana tafiya sosai a unguwannin tsofaffi masu ritaya a Arizona ta Amurka. Manya suna saya wa manya ke nan. Makoki ne na uba, kuma a matsayinsa na makoki ya isa. Duk macen da ta taɓa ɓari ko ta binne jariri za ta ji shi har cikin ƙashinta.

Akwai kuma abin da ya tsaya mini a rai. Uwar nan sai ɗan ya yi barci take faɗa masa tana son sa. Da rana ƙorafi ne, har tana jin kamar ta sayar da shi ga gidan namun daji. Na san wannan hali, don a cikinsa na tashi. Ni 'yar fari ce, Innata ba ta taɓa kiran sunana ba saboda alkunya, sai dai in farka in ga an ja mini mayafi. Sai da na girma na san me wannan yake nufi. Amma ina ƙarama da na so in ji da kunnena, ido biyu. Shi ya sa nake ganin littafin ya fi magana da babban da yake waiwaye, fiye da yaron da yake buƙatar a faɗa masa yanzu.

Ɗana mai shekara takwas kuwa ya gane shi tsaf. Da muka kai wurin da ɗan ya ɗauki uwar, sai ya ce, "Kamar mutanen da suke tura mamansu a keke a Safa da Marwa." Ya ga babansa ya tura Hajiya haka a wajen sa'ayi, yana sunkuyawa yana gyara mata ƙafa a kan matakin keken. Daga nan hira ta kai mu Suratul Isra'i, aya ta 23 da 24, inda aka hana ce wa iyaye ko da "uf" idan tsufa ya riske su. A wajensa littafin ya yi aikin da nake so, ba tsoro, sai tambayoyi masu ma'ana.

Bugun da na samu mai bango mai laushi ne, takardar ba ta jure hannun ƙaramin yaro, gefen shafin agogon har ya yage na liƙe shi da salatif. Idan 'yata ta ɗauko shi yanzu, mukan tsaya a inda yaron ya zama saurayi, in yi waƙar in rufe, kuma ba ta taɓa neman ci gaba ba. Wadda take da ɗan shekara bakwai zuwa sama ta saya, ta karanta masa da rana ba da dare ba, ta kuma fara karantawa ita kaɗai don ta gama kukanta tukuna. Idan kyautar suna za ki kai, ki rubuta sunan mai jego a ciki, nata ne.