Daga Angulem zuwa Garwa: kayan koyon zane mai motsi

Ƙanena, sallama da fatan alheri. Ka gaishe mini da Inna da Baba, ka ce musu lafiyata ƙalau, sanyi ne dai ake ta fama da shi. Ka tambaye ni ko dole sai ka samu kayan aiki irin na Faransa kafin ka fara koyon zane mai motsi. Amsata ita ce a'a, kuma ga dalili.

Angulem, inda nake karatu a nan Faransa, ba wani babban birni ba ne, amma ya yi suna wajen zane. Tun 1974 aka fara bikin littattafan zane a nan, ga makarantu da ɗakunan shirya katun. Saboda haka duk abin da mai zane yake nema yana samu a shago, har da takardar da aka riga aka huda mata ramuka. Sai dai kuɗi. Yuro ɗaya sefa 656 ne, abin da aka sa wa yuro 10 ya haura jaka shida da rabi kenan. Har yanzu ba na ɗaukar kaya sai na juya farashinsa zuwa sefa a kaina.

Abin da ya fi cin kuɗi takarda ce. A sinima hoto 24 ke wucewa cikin sakan ɗaya. Galibi ana barin kowane zane ya tsaya sau biyu, sai a buƙaci zane 12 a sakan. To lissafa: minti ɗaya zane 720, alhali rim ɗin takarda ganye 500 ne. Émile Cohl, wanda ya fitar da fim ɗinsa na zane a Paris a 1908, sai da ya yi zane kusan 700 don abin da bai cika minti biyu ba. Takardar A4 da ake sayarwa a kasuwar Garwa ta isa ka koyi aikin nan, in dai ba ta yi kaurin da haske ba zai ratsa ta ba.

Darasin farko ƙwallo ce mai tsalle, kuma a nan nake so ka tsaya da kyau. Za ka zana inda take a can sama, da inda ta taɓa ƙasa, waɗannan su ne manyan zane. Sannan ka cike tsakani. A sama, inda gudunta ya ragu, zanen suna matse da juna, kamar ba su motsa ba. Tana gangarowa tazarar tana ƙaruwa. Dab da ƙasa ta ɗan miƙe, da ta buga sai ta baje, amma girmanta ba ya canzawa: abin da ta rasa a tsawo ta samu a faɗi. In ka raba tazarar daidai wa daida, ƙwallon za ta fito ba nauyi ba rai. Malaminmu yakan sa takardu huɗu ko biyar tsakanin yatsunsa, yana kaɗa su gaba da baya, ya ga motsin tun kafin a ɗauki hoto. Tazarar nan da baje da miƙewa suna cikin ƙa'idoji 12 da Frank Thomas da Ollie Johnston, tsofaffin masu zanen Disney, suka tattara a 1981. Babu ɗaya a cikinsu da ke buƙatar kwamfuta.

Inda nan ta fi gida, ba zan ɓoye maka ba, wuta ce. Mutum zai kwana yana aiki bai ko tuna da ita ba. Mu kuwa ka san yadda ake yi in rani ya yi tsanani, ruwan madatsar Lagdo da ke ba mu wuta ya ja baya. Ga zafin Maris da Afrilu da ke sa gumin hannu ya ɓata takarda (ka riƙa shimfiɗa wani ganyen a ƙarƙashin hannunka). Ɗakin karatun nan Angulem ma abin yabo ne, ka yi rajista ka ari littattafai ka tafi da su gida. A makaranta akwai tebur mai fitila a ƙarƙashin gilashi, da ƙarfe mai haƙora uku da ke riƙe takardu kada su goce, da na'urar da ke ɗaukar hoton zanen ta nuna maka motsin nan take.

Amma aikin hannu a nan tsada gare shi ƙwarai. Teburin nan, akwati ne kawai da gilashi da ƙwan fitila. Kafintan unguwarmu zai haɗa maka shi in ka zana masa, ka sa fitila mai caji a ciki, an ɗauke wuta ko ba a ɗauke ba aikinka na tafiya. A nan ba ka isa ka tsayar da kafinta don ɗan aiki irin wannan ba, sai dai ka sayi na shago. Gyara ma haka. Waya ko allon zane na kwamfuta ya samu matsala, sai an ba ka rana, kuma sau da yawa kuɗin gyaran ya kusa na sabo, mutane su yar su sayi wani. Masu gyaran waya na kasuwarmu, da ke buɗe ta a gabanka su gama kafin la'asar, ina kewarsu da gaske.

Batun manhaja kuma, TVPaint da ake yawan amfani da ita a nan ta kuɗi ce. Amma Krita da OpenToonz da Pencil2D kyauta ne, kuma in ka sauke su sau ɗaya ba sa neman intanet. A waya akwai FlipaClip. Duk suna nuna maka inuwar zanen baya a ƙarƙashin sabon, aikin da fitilar tebur take yi kenan.

Akwai kuma abin da kake da shi ni ba ni da shi yanzu. Zauna ka kalli Inna tana daka. Kafin taɓarya ta tashi sai Inna ta ɗan sunkuya, ta ɗaga ta a hankali, ta ɗan tsaya a sama, sannan ta faɗo da sauri, gefen zaninta kuma ya biyo baya bayan jikin ya tsaya. Shirin motsi, da saurinsa, da abin da ke biyo baya, duk suna nan a tsakar gidanmu. Moustapha Alassane na Nijar ya yi finafinan zane tun a shekarun 1960, lokacin da babu waya mai kyamara balle manhaja kyauta.

Ka sayi abin huda takarda mai rami biyu irin na ofis, ka kafa ƙusa biyu a katako daidai ramukan. Ka yi ƙwallon da zane 24, ka rubuta lamba a kusurwar kowane ganye. Ka ɗora wayarka a kan tarin littattafai yadda ba za ta motsa ba, ka ɗauke su ɗaya bayan ɗaya cikin haske iri ɗaya, ka turo mini ta WhatsApp. Zan duba tazarar in nuna maka inda za ka ƙara zane da inda za ka rage.