Gargaɗi: masu tallan "kamara Canon 4K" a Facebook da WhatsApp, a yi hattara

Salamu alaikum jama'ar Damagaram. Dan Allah duk mai niyyar sayen ƙaramar kamara ta aljihu, irin wadda 'yan mata da samari ke yayi yanzu saboda hoton biki da hawan sallah, ya tsaya ya karanta wannan kafin ya tura wa wani ko dala.

Akwai wasu da ke yawo da talla a guruf guruf, hoton kamara mai ƙyalli an rubuta 48 megafiksel (ma'aunin girman hoto), 4K (bidiyo mai fita tar), zum 16 (zuƙo abu daga nesa), wai Canon ce ko Sony sabuwa cikin kwali, jika 25 har da katin memori kyauta. Kana yi masu magana za su ce ai Alhaji kayan suna Yamai, wani lokacin su ce Kano, ka tura rabi ta wajen masu aika kuɗi su ɗora a mota gobe da safe ka karɓa a tasha. Ƙanwar wani abokina da ke Birni haka ta tura, da farko "Hajiya ki yi haƙuri direba ne bai taso ba", daga baya aka ce duwan sun riƙe kaya sai ta ƙara jika 5, ranar da ta ce a maido mata kuɗinta suka toshe lambarta. Kuma ita ma sun so su saka ta cikin harkar, wai in ta kawo ƙawayenta 3 za a rage mata.

To wanda kayansa ya iso fa, shi ma ba tsira ya yi ba. Abin da ke zuwa roba ce mara nauyi, an manna sunan kamfani da sitika, farce ma yana ɓare shi. Wannan 48 ɗin da suke rubutawa ba daga idon kamarar ba ne, ido ɗan ƙarami ne irin na tsofaffin wayoyi sai manhajar ciki ta hura hoton ya yi girma, kamar a ƙara wa fura ruwa, kwarya ta cika amma furar tana nan yadda take. Ka zuƙo fuskar mutum a kwamfuta ka ga duk ta narke. Wlh wayar da ke hannunka ta fi ta.

Ku duba na gaskiya ma ba su kai wannan lambar ba. Canon IXUS 185 megafiksel 20 ce da zum 8, Sony W800 ita ma 20 da zum 5, Kodak FZ45 kuwa 16 ce da zum 4 kuma batir irin na tocila take ci, wanda ni a wajena ba aibu ba ne ga garin da wuta ke zuwa tana tafiya. Babu ɗaya a cikinsu da ke ɗaukar 4K. Kuma manyan kamfanonin nan sun rage ƙera irin waɗannan tun da waya ta cinye kasuwar, shi ya sa ko tsofaffin sun yi tsada da yayinsu ya dawo, to ta ina mutum zai samo sabuwa dal ya ba ka a jika 25?

Gwajin da ba ya ƙarya shi ne bakin gilashin. Ta gaske galibi in ka kunna, lens ɗin, wato gilashin nan, yana fitowa waje, in ka danna zum kana ganin yana motsi kana jin ɗan ƙaransa. Ta bogi ba abin da ke motsi, hoton kawai take yankewa ta faɗaɗa. Bayan nan ka ɗauki hoto 2 ko 3, ɗaya a rana ɗaya a cikin shago da filas, ka zare katin ka saka a waya ko kwamfuta ka duba bayanin hoton, ta asali tana rubuta sunan kamfani da lambar samfurinta a ciki.

Katin kyautar ma abin dubawa ne, akwai na jabu da ke nuna jiga 128 alhali cikinsa bai kai haka ba, sai ka gama ɗaukar ɗaurin aure ka tarar rabin hotunan ba sa buɗewa.

In ta hannu za ka saya ba laifi, sau da yawa ta fi, amma ka kunna ka kashe sau da dama a gaban mai ita, don ƙurar hunturunmu tana shiga lens ya maƙale kuma gyaran ya kan fi kuɗin kamarar. Ka tambayi caja, ka duba batir bai kumbura ba, wasu tsofaffin Sony kuma katinsu daban ne, Memory Stick, ba za ka same shi cikin sauƙi a kasuwar Dole ba.

Wanda ya riga ya tura kuɗi kar ya goge hirar don haushi, ya ajiye resi da lambar da sunan da aka karɓi kuɗin da shi ya kai komisariya, akwai dokar laifukan intanet tun 2019. A tura wa guruf ɗin 'yan uwa, musamman na mata, don can suka fi zuba tallan.