Mai naɗin kwayil ɗin da ya ƙi naɗa mini kwayil

A Wudil akwai wani dattijo mai gyaran kayan wuta, shagonsa na bayan layin masu walda, ba allo ba suna, sai tarin matattun fankoki a bakin ƙofa. Sana'arsa naɗin kwayil, wato wayar da ake naɗewa a cikin kayan wuta: fankar sama, sitabilaiza, famfon rijiyar burtsatse, injin walda. Shi na kai wa tsohuwar cajar batir ta mahaifinmu, kuma dalilin wannan rubutu shi ne ya karɓi kuɗi kaɗan a wurin da in ya ga dama zai karɓi mai yawa, kuma da ya yi hakan har abada ba zan gane ba.

Cajar irin ta da ce, akwatin ƙarfe mai nauyin da yaro ba ya ɗagawa, da agogon amfiya mai nuna yawan wutar da ke shiga batir a gaba da makunnin zaɓen volt 6 ko 12. A farantin jikinta an buga 240V, 50Hz, ƙirar Ingila. Da ita Baba ya yi sana'ar caji a garinmu tun zamanin NEPA, lokacin da mutanen ƙauyukan da wuta ba ta kai ba suke ɗauro batir a bayan keke su kawo, don kallon talabijin baƙi-da-fari. Bayan rasuwarsa ta koma ɗakin shirgi, rufin yana yoyo, damina ta yi ta wucewa ta kanta. Da na jawo ta, gindin akwatin ya huje, zanzaro ya yi gidaje a ciki, ɓeraye sun gaigaye robar waya. 'Yan jari-bola sun taya, don sun san abin da ke ciki jar waya ce zalla. Wani mai gyara a kusa da mu ko murfin bai gama buɗewa ba ya ce taransifomar ta mutu, sai an sake naɗi.

Da wannan magana na isa Wudil. Na ce, "Baba, naɗi na kawo maka."

Ya ce, "Malam, wa ya ce maka ta ƙone?"

Na nuna masa tsatsar. Ya ce tsatsa a ƙarfe take, wuta kuwa ta waya take bi, sai an gwada akan san na ƙwarai. Abin da ya fara yi ma ba da mita ba ne, hancinsa ya kai jikin kwayil ɗin ya shinshina. Kwayil ɗin da ya ƙone yana da ƙauri na banish da ya toye, kuma ƙaurin ba ya fita ko an shekara. Wannan warin ruɓaɓɓiyar ƙasa kawai yake yi. Sannan ya sa mita a ɓangaren da wuta ke shiga da ɓangaren da take fita, duka biyun waya ba ta tsinke ba. Daga nan ya ɗauko wata mita mai hannun juyawa, mega suke ce mata, wadda take tura volt 500 tsakanin waya da ƙarfen don a ga ko wuta na zurara. Nan ne allura ta nuna matsala. Ya ce danshi ne takardar da ke tsakanin naɗin ta sha, kuma da na kuskura na jona ta a gida a haka, da yanzu maganar naɗin ta zama gaskiya.

Maganin da ya yi ya ba ni dariya don sauƙinsa. Ya zare taransifomar daga akwati, ya kife mata kwali da ƙwan lantarki irin na da mai zafi a ciki, da rana kuma yaron shago ya ɗora ta kan kwanon rufi. Kullum sai ya sake gwada ta da mega, har allurar ta haura ta tsaya.

Akwatin kuwa ni ya danƙa wa. Ya ce kankare tsatsa ba aikin da zan biya shi ba ne, in je gida in yi. Na jiƙa notuna da kananzir suka kwana kafin su yarda su juya, na bi jikin da burushin waya da samfefa, mai walda na garinmu ya yanke gindin ya liƙa sabon falle, na shafa jan fentin nan da ake fara shafa wa ƙofofin ƙarfe. Da na koma na ce ya ba ni taransifomar ita ma in goge ta ta yi ƙyalli, sai ya riƙe hannuna. A nan na koyi abin da ya fi komai amfani a wannan tafiya.

Ƙarfen cikin taransifoma ba dunƙule ba ne. Falle-falle ne sirara, wasu da siffar E wasu da siffar I, an jera su an matse, kuma kowane falle yana da ɗan shafe a jikinsa da ke hana wuta tsallakawa zuwa na kusa da shi. Da gangan aka yi haka. In ƙarfen ya zama abu guda, wuta takan riƙa kewayawa a cikinsa ita kaɗai, ya ɗau zafi a banza har ya dafa kwayil. To mai son ƙyalli in ya sa zarto ko injin gurza ya bi gefen fallayen, bakinsu yakan tanƙware ya haɗe da juna, ya ɓata abin da tsatsa ba ta ɓata ba. Tsatsar sama ba ta wuce da wuta sosai, don haka ba ita ce abin tsoro ba. Wadda ake tsoro ita ce mai shiga tsakanin fallayen ta kumbura su har su matse kwayil. Tamu ba ta kai haka ba. Burushi mai laushi ya sa ya kakkaɓe abin da ke zuba, ya ƙara matse notuna, ya tsoma ta a banish ya bari ta tsane ta bushe. Banish ɗin yana toshe hanyar danshi, yana kuma kama fallayen su rage gurnanin da tsofaffin taransifomomi ke yi.

Gwajin ƙarshe ma yana da kyau a gani. Bai jona ta kai-tsaye ba, sai da ya ratsa ƙwai mai wat 100 a kan wayar, yadda duk wutar da za ta shiga sai ta bi ta cikinsa. In akwai inda naɗi ya haɗe a ciki, ƙwan zai haska tar ya tsaya a haka, kuma shi zai tare wutar, ba kwayil ba. Namu jan zare kawai ya nuna, da ƙyar ake gani da rana.

Abin da ya mutu da gaske wani abu ne dabam, jerin faranti masu kama da faifan sinasir da aka tsire a ƙarfe ɗaya. Wannan shi ne mai mayar da wutar gida zuwa irin wadda batir ke sha, na seleniyam, wanda aka daina yayi bayan da dayod na silikon, ɗan ƙaramin abu mai yin wannan aikin, ya samu ya yi araha. Yana lalacewa da tsufa ko ba a amfani da shi, kuma in ya ƙone hayaƙinsa wari ne da shi ga guba. Ya yanke shi daga layi, ya sa dayod mai ƙafa huɗu a jikin farantin alminiyam don ya riƙa shan iska. Ya kuma gaya mini gaskiya cewa sabon ba ya cinye volt kamar tsohon, don haka cajar za ta fi da ƙarfi, in riƙa duban agogo. Ya sa fiyus, ya sa waya mai igiya uku, ya ɗaure ta ukun, mai kai wutar da ta zurara ƙasa, a jikin akwati, wadda a zamanin Baba ba wanda ya damu da ita.

Na tambaye shi da naɗin ne fa? Ya ce da zai yi, amma da wuya ta koma yadda take. Ya ciro wata waya daga ƙarƙashin tebur, ja jawur, ya kankare ta da wuƙa sai ga fari a ciki. Alminiyam ce aka yi wa rigar jan ƙarfe. Alminiyam ba ta kai kashi biyu cikin uku na jan ƙarfe wajen wuce da wuta, don haka in an naɗa da kauri ɗaya sai ta yi zafi. Wasu masu naɗin sukan kwance maka tsohuwar jar wayarka su sayar a kilo, su naɗa maka wannan, ka biya kana godiya. Shi in zai sayo waya a Sabon Gari a Kano, da wuƙarsa yake tafiya.

Yanzu inda bai burge ni ba. Alƙawarin lokaci ba shi da shi ko kaɗan. "Jibi in sha Allahu" ɗinsa na iya kai ka mako na gaba, kuma lokacin noman rani masu famfo sun fi ka daraja a wurinsa, don nasu amfanin gona ne ke ƙonewa. Wayarsa tana aljihun yaron shago, yaron kuma kullum yana wurin aike. Ba ya ba da rasit, ba ya rubuta suna a jikin kaya, a kai yake riƙe komai, abin da ban so ba ganin yawan shirgin da ke shagon. Hannunsa a kan waya tsaf, amma a kan ado babu: ya karce mini sabon fentin wajen mayar da murfi bai ko lura ba, kuma gilashin agogon da ya ce zai samo har yau shiru. Kuɗin aikin da na kaya duka bai kai rabin kuɗin sabuwar caja ta kasuwa ba, sai dai kuɗin mota zuwa da dawowa ya ci wani abu daga ribar.

Cajar tana aiki. Muna cajin batirin motar ƙanena da na solar gidan idan hazo ya rufe rana. Amma ba ta da wayon kashe kanta kamar na zamani. Batir mai volt 12 in ya kai wajen volt 14.4 ya kusa ƙoshi, in ka bar shi ya wuce haka sai ruwansa ya yi ta tafasa yana fitar da iska mai kama wuta, shi ya sa a zaure muke yi, ƙofa a buɗe, ba mai ƙyasta ashana. Batirin litiyam kuwa kada ma a kusantar da shi. Wanda zai je wurin dattijon nan ya guji ranar Juma'a, ranar kasuwar Wudil ce, ba za ka samu ko wurin tsayawa ba. Ka kai kayanka yadda suke, kada ka jona don gwaji, kuma ka rubuta sunanka da fenti a ƙasan akwatin tun daga gida.