Koren garin feshin tumatir: yana tsare ganye, amma ba ya barin ƙasa

Shekara huɗu ke nan ina sayen wannan koren garin mai sinadarin jan ƙarfe, wanda masu shagon magani ke kira kofa. Tumatir nake nomawa a Kadawa, kuma na damina ne ya fi sa ni nemansa, lokacin da ɗigo-ɗigon baƙi ke cinye ganye daga ƙasa zuwa sama.

Gaskiya yana aiki, in dai ka riga cutar. Rufe ganye yake yi ya hana naman gwari mai kawo cutar kamawa; ba ya shiga jikin shuka, don haka ganyen da ya riga ya ƙone ya tafi. Yana garwayuwa da ruwa a famfon goyo ba wahala, sai dai ka riƙa girgizawa, don yana kwanciya.

Abin da ya dame ni yana ƙarƙashin ƙafa. Duk ruwan sama da ya wanke ganye, cikin fangali yake zubar da maganin. Jan ƙarfe kuwa ba ya ruɓewa, taruwa yake a saman ƙasa shekara bayan shekara. Kuma bai san bambancin naman gwarin da ke kashe tumatir da wanda ke ruɓar da kara da takin shanu ya zama abincin shuka ba. Tanar da ke cikin ƙasa ma ba ta jure shi. A fangulan da na fi fesawa, in na kafta fartanya da wuya in ga tana biyu, alhali gefen da nake sa albasa cike yake da su. Wannan ya tsaya mini a rai ƙwarai, don ƙasar nan ta mahaifina ce.

Manoman inabi a Faransa sun fara fesa jan ƙarfe tun wajen 1885, kuma har yau yana nan jibge a gonakinsu. Shi ya sa daga 2019 Tarayyar Turai ta ƙayyade cewa kada a fesa jan ƙarfe fiye da kilo 28 a hekta cikin shekara 7.

Zan sake saye, amma na rage hannu. Ba na fesawa in hadari ya haɗu, ba na bari ya yi ta ɗiga daga ganye, ruwan wankin famfo kuma na daina juye shi a fangali. Bana na ƙara taki, fangulan nan kuma wake zan zuba musu.