Yini guda a Cape Point: hasumiya ta biya, lokaci ya gaza

Ɗanmu da ke aikin asibiti a Durban ne ya saya mana tikitin jirgin ruwan, ni da Hajiya, bayan na ajiye alli. Yawon tudu da zan yi magana a kansa kuwa ni na zaɓe shi da kaina, daga cikin takardun da suke turowa ɗaki kafin jirgi ya isa Kef Tawun a Afirka ta Kudu. An rubuta cewa za a ga hasumiyoyin haska jirage da namun bakin teku cikin awa takwas. A Yawuri aka haife ni, a bakin Kwara na girma, kakannina na wajen uwa Sarkawa ne. Ina ganin hoton hasumiyar na ce wa Hajiya wannan za mu.

Kuɗin ya fi abin da za a biya mai tasi nesa ba kusa ba. Abin da ya sa na yarda shi ne alƙawarin da ke tare da shi: idan motar kamfani ta makara, jirgi zai jira. Wanda ya fita da motar haya ya makara, sai dai ya bi jirgin ta sama. Ga mai shekaruna wannan kwanciyar rai ta cancanci ƙarin.

Mun tashi da ƙarfe takwas a bas mai sanyi da tsabta. Hasumiyar Green Point, mai zanen ja da fari, wadda aka kunna tun 1824, ta taga kawai muka gan ta. A Hout Bay aka sa mu a ƙaramin jirgi zuwa wani dutse da karnukan ruwa suka lulluɓe, ɗaruruwa a kwance kan juna, ga wari mai hawa kai. Na ji daɗinsu, amma abin da ya tsaya min a rai shi ne kafin a kwance igiya sai da aka ƙirga mu, aka nuna mana inda rigunan ceto suke, aka kuma tsayar da mutum biyu a gaɓa saboda adadi ya cika. Hajiya ta dube ni, na dube ta. Dukanmu Wara ta jihar Kebbi muke tunawa, watan Mayun 2021, da jirgin da ya nutse da mutane fiye da ɗari.

Daga nan muka bi hanyar Chapman's Peak, wadda aka sassaƙa a jikin dutse, teku na ƙasa. Direbanmu Musulmi ne ɗan garin, da ya ga hulata ya yi min sallama, kuma hannunsa a kan sitiyari abin yabo ne.

Cikin gandun dajin da ke kewaye da Cape Point muka ci karo da jiminu suna kiwo dab da gaɓa, ga rema a kan duwatsu irin namu sak. Gwaggon biri kuma ya san mota, ya san jaka. An gargaɗe mu kada mu fito da abinci, an ce ba su abinci laifi ne mai tara. Wata baiwar Allah ta ƙi ji, kafin ta farga ledarta ta yi saman dutse.

Sai Cape Point, tsinin ƙasar da ya kutsa cikin teku kudu da Kef Tawun, inda zuciyata take tun farko. Akwai ƙaramin jirgin igiya da ke hawa da mutane, shi Hajiya ta shiga saboda gwiwa, ni na bi matakala. Iskar wurin ta fi hunturun Janairu ƙarfi, sai na cire hula na sa a aljihu. A can ƙololuwa tsohuwar hasumiyar take, ta ƙarfe, an kunna ta a 1860, sama da mita 230 daga fuskar ruwa. Waɗanda suka gina ta sun ɗauka tsayi shi ne amfani. Ashe hazo da gajimare a daidai wannan tsayin suke zama, sai fitila tana ci a sama, matuƙi a ƙasa bai ga komai ba. A watan Afrilun 1911 jirgin Fotugal mai suna Lusitania, ɗauke da mutane kusan 800, ya hau dutsen Bellows da ke ɓoye kudu da wurin. An ceci kusan kowa, mutum takwas suka rasu da kwale-kwalen ceto ya kife. Bayan nan aka gina sabuwa can ƙasa, mita 87 daga ruwa, aka kunna ta a 1919, kuma babu fitilar da ta kai ta ƙarfi a gaɓar Afirka ta Kudu.

Na tsaya na jingina da katanga ina kallon farin kumfa a inda dutsen yake. Mu ma muna da irinsa: kututturan itatuwan da tafkin Kainji ya haɗiye, suna nan tsaye a ƙarƙashin ruwa, matuƙi sai dai ya san su da ka, ya gada daga ubansa. Kawuna yakan ce ruwa ba ya ɓoye wa mai haƙuri, amma na ga masu haƙuri da dare ya ci. Mutum takwas aka rasa a nan, aka sake gini a jikin dutsen da ko akuya sai ta yi tunani kafin ta sauka. Idona ya cika, ban ɓoye ba.

Ga inda kamfanin ya ɓata min rai. Akwai hanyar ƙafa da ke gangarawa zuwa inda ake hango sabuwar hasumiyar sosai, zuwa da dawowa kamar awa guda. Minti arba'in da biyar aka ba mu gaba ɗaya, har da hawa da layin jirgin igiya da bayan gida. Na roƙi jagorarmu, ta ba ni haƙuri cikin ladabi, ta ce jadawali ba a hannunta yake ba. Amma an sami minti talatin na tsayawa a shagon tsaraba a hanya, inda ba wanda ya nema. Yawon da aka sayar da sunan hasumiya bai kamata ya yi rowar lokaci a gindin hasumiya ba. Haka kuma babu wanda ya yi tunanin salla. Direban ne ya nuna mana wani lungu a Simon's Town, muka haɗa azahar da la'asar. Abincin rana kifi ne da dankali, babu abin ƙi a ciki.

Abu ɗaya da jagorar ta gyara mana, na gode mata: Cape Point ba ƙarshen Afirka ba ne ta kudu, ƙarshen yana Cape Agulhas, can gabas.

Tsuntsayen fengwin na gaɓar Boulders da ke Simon's Town su suka sace zuciyar Hajiya. Tsayinsu bai wuce gwiwar mutum da kaɗan ba, suna tafiya kamar yaro ya sa babbar rigar ubansa, kukansu kuwa na jaki ne ba ragi. "Alhaji, rufe ido ka ji, ai kasuwar ƙauye ce," in ji ta. Daga ma'aurata biyu suka fara a wurin a 1982. A 2024 aka saka jinsinsu cikin waɗanda ke dab da ƙarewa, kuma babban dalili shi ne ƙarancin ƙananan kifayen da suke ci, waɗanda jiragen kamun kifi ke kwashewa. Duk ɗan Yawuri da ya ga yadda giwan ruwa ya yi wuya a komar Sarkawa zai gane wannan ba sai an yi masa bayani ba. Ana kallonsu daga kan gadar katako, ba a taɓawa, suna cizo.

Wanda jirginsa zai tashi a ranar, ya sayi wannan yawo, ya tafi da rigar sanyi da takalmi mai kama ƙasa, ya kuma yi alwala tun daga jirgi. Wanda jirginsa zai kwana, ya ɗauki mota ta kansa ya ba Cape Point awa uku.

Da yamma jirginmu ya ɗaga zuwa Durban. Bayan isha na tambayi wani ma'aikaci ta wane gefe za mu wuce tsinin, ya ce hagu. Na sa rigar sanyi na fita, Hajiya ta biyo ni da bargo. Mun fi awa muna jira kafin fitilar sabuwar hasumiyar ta bayyana, ƙasa-ƙasa dab da ruwa, tana walƙiya sau uku ta ɗauke. Na duba agogo, kowane daƙiƙa talatin take maimaitawa. Muna nan tsaye har ta koma bayanmu.